Shari'ar Zamani Lekwot da Abin da Ta Bar wa Kudancin Kaduna

Ranar Talata, 2 ga Fabrairu 1993, wata kotun musamman da ke zama a Kaduna ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya. Ta ce ta same su da hannu a kisan da aka yi a garin Zangon Kataf cikin watan Mayun 1992. Lauyoyinsu ba sa wurin a ranar, domin tun kusan wata guda kafin nan suka tattara takardunsu suka fice daga shari'ar. Babu kuma kotun da za a ɗaukaka ƙara gabanta a duk faɗin Nijeriya, dokar soja ta riga ta toshe wannan ƙofa.

Lekwot ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne gwamnan soja na Jihar Ribas daga 1975 zuwa 1978, zamanin Murtala da Obasanjo. Ya shugabanci makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ya yi jakadan Nijeriya a Senegal, ya kuma ajiye kaki a 1985, shekarar da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki. A ƙasar Atyap, mutanen da Hausawa suka fi sani da Katafawa, babu ɗan da ya kai shi suna a wancan lokaci.

Ba a rataye shi ba. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan hukuncin ya koma gida. Amma daga ranar da Okadigbo ya rufe bakinsa har yau, labari biyu ake bayarwa a Jihar Kaduna game da wannan shari'a. A Zonkwa da Kagoro da Samarun Kataf za a ce maka an so a halaka babban ɗansu ne don a karya lagon yankin baki ɗaya. A Tudun Wada da Rigasa da cikin garin Zango kuwa za a ce maka an kama mai laifi, kotu ta tabbatar, sannan manya suka kuɓutar da nasu. Abin da nake gani shi ne, yadda aka gudanar da shari'ar ne ya bai wa labaran biyu tsawon rai. Da an yi ta bisa ƙa'ida, da ɗaya daga cikinsu ya mutu tuntuni.

Zango, kamar yadda kowa ya sani, masaukin fatake ne. Tun kafin zuwan Turawa da daɗewa ayarin 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa ke yada zango a nan a hanyarsu ta zuwa kudu, har wurin ya zama gari mai ganuwa, Hausawa Musulmi a ciki, ƙauyukan Atyap kewaye da shi ta kowace fuska. Sarautar Zazzau ta ɗauki garin a matsayin idonta a wannan yanki, ta nan ake karɓar gaisuwa, kuma tarihin baka na Atyap da Bajju cike yake da labarin farmakin kamun bayi. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka ɗauki wannan alaƙa mai rauni, wadda wani lokaci ake bi wani lokaci a bijire, suka mai da ita doka. Suka sa gundumar Zangon Katab ƙarƙashin En'e ta Zazzau, Sarkin Zazzau ke naɗo hakimi, hakimi na karɓar haraji, alƙali na yanke wa mutanen da ba Musulmi ba hukunci a kotun da ba su san dokarta ba.

Abin da ya ƙara wa Atyap zafi shi ne maƙwabtansu. Kagoro da Jaba da Marwa, Turawa sun bar su da sarakunansu, ba sa ƙarƙashin wani sarkin yanka. Mutumin Kagoro na da Gwamna Awan, ɗan ƙabilarsa, Kirista, mai ilimin mishan, a kan gadon sarauta tun cikin shekarun 1940. Mutumin Atyap kuwa, tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, sai ya durƙusa gaban hakimin da aka aiko daga Zariya. An yi bore a kan wannan a 1946, an sake tayar da maganar a shekarun 1950 lokacin da ƙananan ƙabilun Arewa ke kai kukansu gaban kwamitin Willink. Sai a 1967 aka naɗa ɗan Atyap na farko, Bala Dauke, hakimin Zangon Katab, da sarautar Kuyambanan Zazzau. Ko da haka, rawanin daga Zariya ya fito.

Mu Hausawa ba mu cika son jin wannan ɓangare na labarin ba, amma wanda bai ji shi ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Haka kuma akwai ɓangaren da 'yan kudancin jihar ba su cika son ji ba. Bahaushen Zango na 1992 ba hakimin Zazzau ba ne. Manomi ne, mahauci ne, ɗan tireda ne, direba ne, wanda kakan kakansa a nan aka binne shi. Idan an ce masa baƙo, ba shi da wani garin da zai nuna ya ce can ne gida.

A tsakanin nan kuma yankin ya canja. Makarantun mishan sun samar da malamai da ma'aikata, aikin soja ya ɗebi samarin kudancin Zariya da yawa, musamman lokacin yaƙin basasa, suka dawo gida da fansho da sanin duniya da sanin makami. A 1989 aka cire Zangon Kataf daga Kachia ta zama ƙaramar hukuma mai kanta, kuma da aka yi zaɓe, yawan jama'a ya yi aikinsa: ɗan Atyap, Juri Babang Ayok, tsohon ɗan sanda, ya zama shugaba. Karo na farko ke nan da iko na zamani a kan garin Zango ya koma hannun waɗanda ke kewaye da shi.

Amma dokar da aka kama Lekwot da ita ba a Zango aka haife ta ba. A Kafanchan aka haife ta.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan suka shirya taron wa'azi, suka gayyato wani fasto mai suna Abubakar Bako, wanda Musulmi ne a da. Ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa Alƙur'ani da mutuncin Manzon Allah (SAW). Faɗa ya kaure a makaranta, ya shiga gari, aka ƙona masallatai, aka rasa rayuka. Cikin 'yan kwanaki wutar ta isa Kaduna da Zariya da Funtua da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, aka ƙona coci sama da ɗari. Babangida ya fito ya kira abin yunƙurin juyin mulki na farar hula. Sai ya kafa Doka ta 2 ta 1987, wadda ta ba shi ikon naɗa kotun musamman a kan tarzomar jama'a. Kotun na iya ɗauke da soja da ɗan sanda a matsayin masu yanke hukunci, ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, majalisar mulkin soja ce kaɗai ke tabbatar da hukuncin ko ta sauya shi. Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte ya shugabanci kotun farko. Galibin waɗanda ta ɗaure Musulmi ne daga garuruwan arewacin jihar, kuma a lokacin Musulmi ne suka yi ta kukan an zalunce su, an hukunta masu ramuwa an bar mafarin abin. Shekara biyar bayan haka doka ɗaya ta juyo kan ɗaya ɓangaren, masu kuka suka zama masu murna, masu murna suka zama masu kuka. Kaɗan ne a kowane ɓangare suka tsaya suka ce dokar ce kanta ba ta da kyau.

A farkon 1992 ƙaramar hukuma ta ce za ta tayar da kasuwar Zango daga tsakiyar gari zuwa sabon fili a bayan gari. Dalilin da aka bayar shi ne tsohuwar ta cushe, ba wurin faɗaɗawa. Kowa ya san akwai abin da ya fi haka. Atyap sun daɗe suna ƙorafin rumfunan kasuwar a hannun Hausawa suke, kuma ba a barin su sayar da burkutu da naman alade. Hausawa kuma na ganin tayar da kasuwar yanke musu hanyar abinci ne, ga shi sabon filin ba a gina komai a kansa ba. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Ɗanbala A.T.K., ya je kotu ya samo umarnin dakatarwa. Ranar Alhamis 6 ga Fabrairu, ranar kasuwa, aka gwabza. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 95 suka mutu, 252 suka ji rauni.

Gwamnan farar hula na lokacin, Alhaji Dabo Lere na jam'iyyar NRC, ko wata biyu bai cika a ofis ba. Ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe. Atyap suka ce kwamitin ya karkata, ba su yarda da shi ba. Yana cikin zama maganar ta tashi daga kasuwa ta koma inda asalinta yake, wato gonakin da ke kewaye da garin, filin da Hausawa ke kira hurumin Zango, Atyap kuma ke cewa ƙasar kakanninsu ce aka ƙwace da ƙarfin sarauta. Damina na kawo kai. Wasiƙun gargaɗi suka fita daga ɓangarorin biyu zuwa ga hukuma da manyan ƙasa, aka fara tumɓuke shuka a gonaki cikin dare. Duk wanda ke da kunne ya ji abin da ke tafe. Gwamnati ba ta ɗauki matakin da ya kai girman haɗarin ba, kuma wannan sakaci bai taɓa tsayawa gaban wata kotu ba.

Ranar Juma'a 15 ga Mayu aka far wa garin Zango. Kwana biyu ana kisa da ƙone-ƙone. Da ƙura ta lafa, garin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye ya zama kufai, kusan babu gidan da ya tsira. Aka kwaso gawawwaki da masu rauni zuwa Kaduna, mutane suka gani da idonsu, kuma daga ranar Lahadi 17 ga wata ramuwar gayya ta ɓarke a Kaduna da Zariya da Ikara. A nan aka bi Kiristoci gida gida, aka kashe mutanen da ko hanyar Zango ba su sani ba, har da malaman coci, har da 'yan ƙabilun da ba ruwansu da rikicin. Hukuma ta ce mutum 471 suka mutu a rikicin na Mayu baki ɗaya, 188 a Zangon Kataf, 250 a Kaduna, sauran a Zariya da kewaye. Hausawan Zango sun ce wannan adadi bai kama ƙafar gaskiya ba, suka gabatar da sunayen mutum 1,528 da suka ce nasu ne kaɗai. Ko wane adadi mutum ya ɗauka, mata da yara da tsofaffi ne a cikinsa, kuma kowannensu yana da wanda ya kashe shi. Aikin da ke gaban kotu ke nan: ta gano waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, a Zango da Kaduna da Zariya, ta tabbatar da laifinsu da hujjar da ko danginsu ba za su iya musantawa ba.

Ba haka aka yi ba. Babangida ya je Zango a ƙarshen watan, ya ga kufan, aka ba da labarin ya zubar da hawaye, ya yi alkawarin sake gina garin da hukunta masu hannu. Aka shiga kame a ƙasar Atyap: dagatai, ma'aikata, tsofaffin sojoji, duk wani mai faɗa a ji. Lekwot na cikinsu. Aka kafa kotunan musamman biyu, ɗaya ta Okadigbo, ɗaya ta Mai Shari'a Emmanuel Adegbite.

Tuhumar farko da aka yi wa Lekwot ƙarama ce, ta taro ba bisa ƙa'ida ba. Ana cikin sauraro, da alamu suka nuna hujjar ba za ta kai ko'ina ba, sai masu gabatar da ƙara suka janye ta. Aka sallame shi, kafin ya shaƙi iskar waje aka sake kama shi, aka dawo da shi gaban kotun da sabbin tuhume-tuhume masu yawa, ciki har da kisan kai. Lauyoyinsa, ƙarƙashin Cif G.O.K. Ajayi, tare da Kanar Yohanna Madaki, tsohon gwamnan soja na Gongola da Binuwai wanda ya koma aikin lauya, suka garzaya kotunan ƙasa suna cewa wannan kotu ba za ta yi wa mutanensu adalci ba. Maganar na tafiya a can, sai a ƙarshen 1992 gwamnati ta fito da Doka ta 55, wadda ta hana kowace kotu sauraron ƙorafi a kan abin da kotun musamman ta yi, aka kuma mai da ranar fara aikinta baya don ta rufe ƙarar da aka riga aka shigar. Ɗaya daga cikin 'yan kotun, lauya Godwin Graham-Douglas, ya yi murabus, ya nuna bai gamsu da yadda ake tafiyar da shari'ar ba. A farkon Janairun 1993 lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka janye. Kotun ta ci gaba, ta yanke hukunci.

A nan ne nake ganin an cuci Hausawan Zango fiye da yadda suka gane a lokacin. Sun yi farin ciki da hukuncin, kuma ba wanda zai ga laifin wanda ya binne iyalinsa idan ya yi haka. Amma hukuncin da aka samu ta hanyar canja doka ana tsakiyar shari'a, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara, hukunci ne da ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Idan akwai shaidu na gaskiya da suka ga abin da suka gani, an ɓata shaidarsu da aka haɗa ta da wannan aika-aika. Daga ranar, maganar ta tashi daga kan wa ya kashe mutanen Zango ta koma kan ko an yi wa Janar adalci. A wannan sabuwar muhawara kuwa, masu kare Lekwot ne ke da gaskiya a fili, ko da mutum bai yarda da su a kan komai ba.

Ƙasar ta ɗauki zafi. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta tashi tsaye, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na Legas suka shiga, jaridun kudu suka mai da sunan Lekwot kanun labari, tsofaffin hafsoshin soja suka yi ta roƙon sassauci. Ƙungiyoyin Musulmi kuma suka ce a zartar da hukunci, jinin Zango ba na banza ba ne. A tuna da yanayin da ake ciki. Rigimar shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986 ba ta huce ba. A Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya yi yunƙurin juyin mulki da sunan Tsakiyar Nijeriya da Kudu, har ya sanar da cire jihohi biyar na Arewa daga ƙasar. A 1991 an yi rikicin Tafawa Ɓalewa a Bauci, an yi na Kano. Cikin barikin soja kuwa 'yan ƙananan ƙabilun Arewa ne ke da yawa a tsakanin masu riƙe da bindiga. Rataye janar daga cikinsu, wata huɗu kafin zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, ba abu ne da Babangida zai iya yi ya kwana lafiya ba. Sakinsa kai tsaye ma ba zai yiwu ba. Sai majalisar tsaro ta mulkin soja ta mai da hukuncin kisan ɗaurin shekara biyar. Ba wanda ya gamsu.

Sauran ya zo da sauri. Aka soke zaɓen 12 ga Yuni, Babangida ya sauka a watan Agusta, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba yana neman magoya baya ta kowace kusurwa. A Maris 1994 aka saki Lekwot da abokan ɗaurinsa, daga baya aka yi masa afuwa. Kamar yadda siyasa ta kai shi bakin igiya, haka siyasa ta buɗe masa ƙofa. Babu alƙalin da ya sake duba hujjojin ya ce ga gaskiya.

Wata ƙungiyar lauyoyi ta Legas mai kare haƙƙin tsarin mulki, wadda Clement Nwankwo ya kafa, ta kai maganar gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul a Gambiya. A 1995 hukumar ta ce Nijeriya ta saɓa yarjejeniyar Afirka: an hana waɗanda ake tuhuma ɗaukaka ƙara, an bar su ba mai kare su, kuma kotun da jami'an tsaro suka cika ta ba za a kalle ta a matsayin mai zaman kanta ba. Har yau ɗaliban shari'a a nahiyar na karanta wannan hukunci. Gwamnatin Abacha ba ta ji ba. A shekarar nan ɗin, wata kotun da aka kafa da wannan Doka ta 2 ta 1987 ta yanke wa Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas hukuncin kisa, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba 1995 a Fatakwal, babban birnin jihar da Lekwot ya taɓa mulka. Su ba su da barikin soja a bayansu.

A gida kuwa, shari'ar ta yi abin da shekaru na taruka ba su yi ba: ta haɗa kan ƙabilun kudancin jihar. Atyap da Bajju da Ham da Agworok da Gwong da Ninzo da Adara ba su taɓa zama abu ɗaya ba, harsunansu daban, suna da nasu rigingimun iyaka da na sarauta. Ganin janar ɗinsu a akwatin masu laifi ya sa kowa ya ce yau shi ne, gobe ni ne. Tsohon sunan Kudancin Zariya ya ja baya, Kudancin Kaduna ya zama sunan siyasa, ƙungiyar SOKAPU ta zama bakin yankin, neman a ba su jiharsu ya ƙara ƙarfi. Tun daga lokacin, duk ɗan takarar gwamna a Kaduna sai ya zauna ya yi lissafin ƙuri'ar kudu a matsayin dunƙule ɗaya.

Gwamnatin soja ta jiha ta fahimci cewa sai an taɓa tushen abin. Gwamna Kanar Lawal Ja'afaru Isa ya kafa kwamitin sulhu ƙarƙashin tsohon gwamna Usman Mu'azu, hafsan sojan sama mai ritaya, wanda ya miƙa rahotonsa a 1995. A tsakiyar shekarun nan aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, aka cire su daga ƙarƙashin Zazzau. Bala Dauke, hakimin nan na 1967, ya zama Agwatyap na farko, Nuhu Bature ya zama Agwam Bajju. Wannan gyara ne da ya dace, wanda ya kamata a ce an yi shi shekara hamsin kafin nan. Abin baƙin ciki shi ne lokacin da ya zo. Buƙatar da aka yi ta kai wa da takarda tun zamanin Turawa ba a biya ta ba sai bayan an zubar da jini, kuma matasa a ko'ina cikin jihar sun lura da haka. Su kuma Hausawan Zango da suka koma gidajen da gwamnatin tarayya ta gina musu, sai suka tarar sun zama talakawan sabuwar masarauta, ga gidaje amma gonakin da suke nomawa a da sun zama abin jayayya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A Mayun 1999 Kafanchan ta sake kamawa a kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a, Alhaji Muhammadu Isa Muhammadu, sandar mulki, domin ƙabilun da ke ƙarƙashin masarautar sun ce su ma a sake su. A Fabrairu da Mayun 2000 aka yi rikicin Shari'a a Kaduna, wanda ya ci rayuka fiye da na 1992 nesa ba kusa ba, ya kuma raba birnin gida biyu, Kirista suka kwarara Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Gwamna Ahmed Makarfi ya amsa da ƙirƙiro sababbin masarautu da dama a 2001, ya kuma tsara kotuna iri uku, na Shari'a da na gargajiya da na ƙasa, kowa ya je inda ya dace da shi. A ganina wannan shi ne mataki mafi hikima da wani gwamnan Kaduna ya ɗauka a kan lamarin, kuma an sami 'yan shekaru na sauƙi bayansa.

A Mayun 2010 Gwamna Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa, mataimakinsa Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya zama gwamna, Kirista ɗan kudu na farko a kujerar. Ga wanda ya tsaya a harabar kotun Okadigbo a 1993, wannan abu ne da bai yi tsammanin gani ba. Amma shekara ba ta cika ba aka yi rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011. Aka ƙona coci-coci a garuruwan arewa, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi, waɗanda suka tsira suka shafe shekaru a sansanin alhazai na Kaduna. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya yi bincike ya rubuta rahoto. Daga nan hare-haren dare a kan ƙauyukan kudu suka fara yawaita, a Kaura da Sanga da Jama'a da Zangon Kataf, ana kashe manoma da iyalansu a cikin barci. Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, kafin shekarar ta ƙare aka far wa Godogodo da Goska.

Cikin duk waɗannan, da wuya ka nuna babban mutum ɗaya da aka gurfanar aka kai shari'arsa ƙarshe. Ina ganin darasin da gwamnatoci suka ɗauka daga shari'ar Lekwot ke nan, kuma mummunan darasi ne: kada ka taɓa manya a rikicin ƙabilanci, ka kafa kwamiti, ka karɓi rahoto, ka sa a aljihun tebur. Sun ga abin da gurfanar da janar ya jawo, suka ɗauka gurfanarwar ce matsala, alhali yadda aka yi ta ne matsala.

A Yunin 2020 aka sake rikici a Zangon Kataf, kuma a kan gonakin nan ne na bayan gari. Aka sa dokar hana fita. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta sanar da kafa kwamitin da zai fitar da matsayin gwamnati a kan rahoton Cudjoe na 1992 da na Usman Mu'azu na 1995, abin da ke nufin rahoton farko ya shekara 28 ba a ce komai a kansa a hukumance ba. Shugabannin Atyap suka yi zargin ana so a yi amfani da tsofaffin takardu a ƙwace musu ƙasa, Hausawan Zango suka ce ai tun tuni ya kamata a yi. Cikin watannin nan ne reshen Kaduna na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ya fito ya nemi a koma kan hukuncin kisan da aka yanke wa Lekwot da abokansa, ƙungiyoyin kudu kuma suka mayar da martani da zafi. Lekwot a lokacin yana da shekara 76, kuma galibin matasan da suka yi ta musayar zafafan kalamai a kan sunansa ba a haife su ba sa'ad da aka tayar da kasuwar Zango.